Makullan da Matata ta Ji a Cikin Kaset

Shekara talatin da ɗaya matata ta yi tana aiki a sashen nazarin al'adun ɗan Adam na jami'a, ni kuma na yi ashirin da takwas ina tuƙa motar sashen. Ni ke kai malamai inda mutane suke, su yi hira da su, su ɗauko maganar a kaset. Ita ke zama ta saurari kaset ɗin, ta buga shi a takarda kalma bayan kalma. Wato ni ke kawo ɗanyen kaya, ita ke gyarawa, malamai kuma su sa sunansu a bangon littafi. Ba ƙorafi nake yi ba, haka aikin yake. Amma tun da na yi ritaya na lura cewa in ana hirar sashen, ana tuna wanda ya rubuta kaza da wanda ya yi shugabanci, ba a cika tuna wadda ta zauna a ɗan ofishin ƙarshen baranda ba. Shi ya sa na ce bari in faɗa da kaina, tunda bakina bai yi ritaya ba.

Ofishin nata bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Tebur ɗaya, keken rubutu, rikoda, da wata feda a ƙasa da take takawa don ta tsayar da kaset ko ta mai da shi baya. Taga ɗaya ce, tana kallon tankin ruwa. Tun safe za ta sa abin sauraro a kunne, ta cire takalmin dama don ta ji daɗin taka fedar, shi ke nan kuma, ko gobara aka yi sai an taɓa kafaɗarta. Kowa a sashen Mai Kunne yake ce mata, daga masinja har farfesa.

Ni ma ta kunnen ta kama ni. Ban fi wata biyu da fara aiki ba na kai mata kwalin kaset, ta ɗago ta ce, "Direba, a duba tayar baya ta motar nan, ta hagu." Na ce yaushe ta shiga motata? Ta ce ba ta taɓa shiga ba, wani malami ne ya yi hira da wani dattijo a kujerar baya muna tafiya, kuma tun farkon kaset har ƙarshe akwai abin da ke ƙwanƙwasawa. Na yi tsaki a raina, amma na kai wa bakanike. Ya ce da na ƙara kwana uku da tayar ta yi nata wuri. Na ce macen da ke jin ciwon mota daga nesa ba a bari ta wuce. Kafin shekara ta zagayo mun yi aure, kuma tun daga lokacin ban sake samun damar yin ƙarya a gidana ba.

Ba ta yi karatun digiri ba. Sakandare ta gama, ta yi wata tara a makarantar koyon bugu. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wadda ta yi shekaru tana sauraron masu bincike suna tambaya mutane suna amsawa, ta san abin fiye da wasu masu rataye da jaka. Wata rana babbar 'yarmu ta tambaye ta mece ce al'ada, don an ba su aikin gida. Ta nuna kujerata ta ce, "Wa ya taɓa ce muku kada ku zauna a kan waccan ko babanku ba ya nan?" Yarinyar ta ce babu. Ta ce, "To rubuta wannan. Al'ada ba rawa da kiɗa kaɗai ba ce, har da abin da mutane ke yi kullum ba tare da sun san suna yi ba." In kuma na dawo daga tafiya ina dariyar yadda mutanen wani wuri ke gaisuwa ko cin abinci, sai ta ce, "Baban yara, da mudunka kake auna su. Su ma suna can suna dariyar yadda ka zauna."

Sirri kuwa, ba a magana. Dokar aikin ce a ɓoye sunan duk wanda aka yi hira da shi, sai ta sa masa lamba. Na kai malamai wurin mahauta, masu gadi, 'yan dako, matan asibiti, na san fuskokinsu. In na matsa mata in ji abin da wane ya faɗa, sai ta ce, "Ni lamba bakwai na sani, kuma lamba bakwai bai aiko ni wurinka ba."

Akwai abu ɗaya da take yi wanda ba a koya mata a makarantar bugu ba. Ba maganar kaɗai take bugawa ba. In mutum ya yi shiru, sai ta buɗe baka biyu a takardar ta rubuta a ciki: ya yi shiru, ya daɗe. In an buɗe ƙofa ta rubuta. In mace ta yi dariya, sai ta faɗi ko ta jin daɗi ce ko ta kunya. Tsohon Farfesan da ya kafa sashen yana son wannan ƙwarai, yakan ce rabin hirar tana cikin bakan Mai Kunne. Da ya yi ritaya aka kawo sabon Shugaban sashe, mutum mai son sauri da takarda tsaf. Ya ce bakan nan ɓata lokaci ne, kuma fassara aikin malami ne, ba na mai bugu ba. Ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyu, ba ta daina ba, don hannunta ya saba. Sai ya ba ta takardar gargaɗi a rubuce, aka sa kwafi a fayil ɗinta. A dokar wurin, in aka yi ta biyu kora ce. Lokacin saura mata shekara uku ta yi ritaya.

Ta daina sa bakan a takardar da take miƙawa. Amma ta sayi ƙaramin littafi, tana rubuta su a ciki da fensir, ta ajiye a jakarta. Na ce mata wannan wahalar ta mece ce? Ta ce kunnenta ba shi da marfi.

A shekarar ne aka ɗauki wata matashiyar Dakta, wadda ba ta girmi babbar 'yarmu da yawa ba. Bincikenta a kan matan da ke aiki a wani kamfanin ɗinkin riguna ne, yadda suke zaune da juna a wurin aiki. Ba ragguwa ba ce, in faɗi gaskiya. Ba irin masu raba takardar tambayoyi su koma mota su jira ba ce. Ta ce in kana son sanin mutane sai ka zauna cikinsu, ka yi abin da suke yi. Wata shida ina kai ta da safe ina ɗauko ta da yamma. Ta koyi zama a kan keke, allura ta huda mata yatsa sau biyu, kuma kullum a mota tana cika littafinta da abin da ta gani kafin ta manta.

Wanda ya buɗe mata ƙofar kamfanin shi ne Helma, wato mai kula da ma'aikatan. Mutum ne mai fara'a, mai son a ce ya kyauta. Da lokacin hira ɗaya bayan ɗaya ya zo, ƙarar kekuna ba ta bari a ji komai, sai ya ba ta ofishinsa. Ba ya ma zama a ciki. Yakan leƙo ne ya kawo ruwa, ko ya ɗauki wani fayil, ya fita. Mata talatin da takwas ta yi hira da su, kaset talatin da takwas, ni na ɗauko kwalin da hannuna na kai ƙarshen baranda.

A bayan zauren ɗinkin akwai wani dogon tebur da matan ke zama su ci abinci tare da rana. Masu kamfanin suna son su cire shi su jera kekuna, su kuma raba hutun gida uku don kada aiki ya tsaya. Sun ce wa Dakta, tunda tana bincike, ta ba su rahoto ko teburin yana da wani muhimmanci ga matan. Ita da idonta ta ga suna son wurin. Amma da ta karanta abin da matata ta buga, kusan kowacce cewa take, tebur ne dai, ko babu shi za a ci abinci. Dakta ta ce abin da ta gani da ido fassararta ce, abin da suka faɗa da bakinsu shi ne hujja. Ta rubuta cewa ana iya cire teburin, ta kawo rahoton da hirarrakin a buga na ƙarshe, za a miƙa ranar Litinin.

Ranar Asabar da safe ina wanke mota a ƙofar gida, matata ta fito da ɗan littafinta ta tsaya a kaina.

"Baban yara, Helman nan, a ƙugu yake rataya makullai?"

Na ce, "Tuli guda. Kamar mai gadin kurkuku. Me ya faru?"

Ta buɗe littafin. A gefen kowane shafi ta zana ɗan makulli da fensir, wani shafin biyu, wani huɗu. Ta ce, "Duk inda ka ga wannan, makullai sun yi ƙara a kusa. Kafin su yi, mace tana zuba magana kamar famfo. Suna yi, sai amsarta ta koma kalma uku. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Talatin da ɗaya cikin talatin da takwas."

Na ajiye soson. Na gane inda ta dosa, kuma ban ji daɗi ba. Na ce, "Maman yara, akwai takarda a fayil ɗinki. Saura shekara uku. Tebur ne fa na mutanen da ba ki taɓa gani ba."

"Ban gan su ba, amma wata biyu suna cikin kunnena."

"To ki faɗa wa Dakta a gefe, ba sai kin buga ba."

"Na gwada shekaranjiya. Ta ce, 'Mama, ina cikin ɗakin fa, da akwai abu da na lura.' Ba za ta yarda ba sai ta gan shi a takarda, layi bayan layi." Ta rufe littafin. "In na buga yadda aka ce in buga, hannuna ne ya rubuta cewa matan nan sun faɗi abin da ke ransu. Kuma ba su faɗa ba."

Har yau ina jin kunyar shawarar da na ba ta a ranar. Na ci gaba da wanke tayar da na riga na wanke.

Litinin na kai takardar man mota ofishin Shugaba don ya sa hannu, na tarar da Dakta a zaune. Matata ta shigo ta ajiye tulin takardu a kan tebur. Shugaba ya buɗe shafin farko, fuskarsa ta canza. Baka ne ko'ina: ƙarar makullai, ta yi shiru, an rufe ƙofa, ta ci gaba.

"Ba na hana ki wannan a rubuce ba?"

"Ka hana, ranka ya daɗe."

"Kin san abin da ke biye?"

"Na sani. Abu ɗaya nake roƙo, Dakta ta ba ni minti goma a ofishina kafin ka rubuta."

Dakta ta ɓata rai, ba laifinta, wa ke son a gyara masa aiki a gaban shugabansa? Amma ta tashi. Na bi su a baya kamar mai neman wani abu a baranda. Matata ta zaunar da ita a kujerarta, ta sa mata abin sauraro, ta sa kaset na lamba goma sha ɗaya, ta ce, "Kada ki saurari kanki, kada ki saurari tambayar. Saurari bayan ɗakin." Da yake ta ƙara sautin, har ni ina jiyowa. Wata mace tana cewa, "Ai teburin nan, ranar da na fara aiki, ban san kowa ba, wata baba ta matsa mini ta ce zauna nan, to tun daga ranar..." Sai wani ɗan sauti can ƙasa, kacau-kacau. Matar ta tsaya. Muryar Dakta ta ce na gode, an kawo ruwa ke nan. Sannan matar ta ce, "To, tebur ne dai. Katako ne."

Matata ta taka feda, ta mai da shi baya. Sau uku. Ta sa lamba huɗu, ta sa lamba ashirin da shida. A na ƙarshen Dakta ta cire abin daga kunnenta ta riƙe shi a cinya.

"Ina cikin ɗakin, Mama. Kullum har godiya nake masa."

"Ke baƙuwarsa ce, ruwa ya kawo miki. Su kuwa shi ke rubuta wadda ta makara." Ta dafa kafaɗarta. "Ba mugunta ya yi ba, ke ma ba sakaci kika yi ba. Idonki yana kan mai magana, ni kuwa ba ni da abin kallo sai tankin ruwa."

Dakta ta koma wurin Shugaba ta ce ba za ta miƙa rahoton ba. Shi kuma bai sauko da sauƙi ba. Ya ce ƙarar makullai ba hujja ba ce, mai yiwuwa matan haka ra'ayinsu yake ko da Helma ko babu. Ya riga ya rubuta takarda ta biyu, ya nuna mana ita, ya sa a aljihun tebur. Ya ba da mako biyu: a sake hirar a wani wuri, in amsar ba ta canza ba, zai sa hannu. Ban so mutumin ba, amma a nan ya yi magana irin ta masu bincike.

Sai neman wurin da babu makullai. Gidajensu akwai miji da yara da maƙwabta, cikin kamfani kuwa ko'ina Helma na iya ɓullowa. Ni na kawo shawara, kuma ina so a rubuta wannan ma. Na ce ga bas ɗin sashe, matan nan kullum sai sun yi tafiyar kusan awa kafin su isa gida. Dakta ta je ta yi musu bayani, ta ce wadda ta ga dama ta shiga, wadda ba ta so babu komai, kuma ba sunan da zai fita. Ranar farko biyar suka shiga. Rana ta uku sai da na ƙi ɗaukar wasu. Nawa makullin na cire shi daga cikin sauran na bar shi tilo a jikin mota, don kada a ce ni ma na ɓata bincike.

Abin da aka faɗa a bas ɗin nan ba zan maimaita na kowa ba, na koyi darasi a gida. Amma abin da ya fito a rahoto kowa ya karanta. A teburin ne ake koya wa sabuwa yadda ake daidaita zare ba tare da Helma ya san ba ta iya ba. A nan ake shirya wadda za ta ɗauko yaran wadda za ta yi lattin tashi. A nan ake gane wadda ba ta zo da abinci ba, sai kowa ta ce yau nata ya yi mata yawa. In aka raba hutu gida uku, duk wannan ya watse. Sun ƙi faɗa a ofis ne don suna tsoron a ce teburin wurin haɗa baki ne, a cire shi da gaggawa. Wato ƙaryar da suka yi, don su tsare shi suka yi ta, ita ce kuma ta kusa sa a ɗauke shi.

Matata ta buga sababbin kaset ɗin cikin kwana shida, da bakanta a ciki, har da inda na taka birki da ƙarfi. Shugaba ya ajiye tsohuwar hira da sabuwa gefe da gefe, ya karanta na mace ɗaya, ya karanta na wata. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro takardar, ya yaga ta biyu, ya ce wa sakatarensa a ciro ta farkon ma daga fayil. Bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma bayan mako guda aka liƙa sanarwa a allo cewa duk hirar da za a buga a sashen, a rubuta inda aka yi ta, da wanda ke kusa, da duk abin da aka ji ban da magana. Kamfanin ya bar teburin. Na ji an ce Helma ya yi kwana biyu yana fushi, daga baya ya koma sa makullansa a aljihu.

Ta cika shekarunta uku ta yi ritaya da mutuncinta. Sai dai shekara talatin da ɗaya da abu a kunne ba wasa ba ne. Yanzu na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama sai da na'ura. Matar da ke gane irin ranar da na yi daga yadda na rufe ƙofar mota, yau sai na zagayo gabanta take sanin na dawo. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda nake nuna mata.

Bara Dakta, wadda yanzu Farfesa ce kuma ita ke shugabancin sashen, ta aiko a kai mu ajin 'yan shekarar farko. Ashe kowace shekara da wannan labarin take buɗe darasin hanyoyin bincike. Ba muryar matar ainihi take sawa ba, don alkawarin sirri yana nan. Ta sa an sake ɗaukar hirar da bakin wasu, daidai yadda matata ta buga ta, da shirun da makullan. Takan sa wa ɗalibai ta tambaye su me suka ji. Ranar ɗalibai sun fi ɗari, aka sa sau biyu, kowa yana maimaita abin da matar ta faɗa, babu wanda ya ji komai a baya. Farfesa ta ce, "Ga wadda ta koya mini. Mama, in an zo wurin ki ɗaga hannu."

Na san siririn sauti irin wannan ya daɗe da barin kunnenta. Na so in taɓa ta in lokacin ya yi, ta ture hannuna. Aka sa kaset. Ta sunkuyar da kai, na ga ta zame takalmin dama a ƙarƙashin kujera. Daidai inda makullan suka yi ƙara, hannunta ya tashi. Aka mai da baya, sai ga ɗalibai suna cewa wallahi ga shi nan, ajin ya kaure da tafi. Ni kuwa na zauna ina kumbura kamar ni na haife ta.

A mota na ce, "Maman yara, ashe kunnen bai tafi duka ba. Kin ji su?"

Sai da na maimaita da ƙarfi. Ta girgiza kai.

"Ban ji makullai ba, Baban yara. Na ji inda matar ta fasa faɗin abin da ta ɗauko."